Sabo Ake Yi Wa Kuka: Mutuwar Tauraro A Wasannin Talabijin Masu Dogon Zango

1.0 Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da manazarta adabin Hausa ba su cika mayar da hankali a kansu ba akwai martanin mai kallo, wato abin da jama'a kan faɗa bayan wasa ya ƙare an watse. An fi ba da ƙarfi ga jigo da zubi da salo, sai ka ce wasa a hannun marubucinsa yake ƙarewa. To amma wasan talabijin mai dogon zango, wanda ake nunawa mako-mako har tsawon shekaru, ya zo da wani al'amari da ya wajaba a duba: duk sa'ad da marubuci ya kashe tauraron da aka saba da shi, sai masu kallo su taso masa kamar wanda ya yi kisan kai. Manufar wannan maƙala ita ce gano tushen wannan fushi, da kuma rarrabe inda yake da hujja da inda ba shi da ita.

A garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama, waɗannan wasanni kan isa ga jama'a ta tashoshi irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da ta YouTube, da kuma ta shagunan masu tura finafinai a waya. Kowa na iya kallon nasa shi kaɗai, amma hukunci a taro ake yanke shi: a teburin mai shayi, da majalisar bakin kasuwa, da ɗakunan kwanan ɗaliban jami'ar da ke Aliero. Saboda haka martanin da ake magana a kai ra'ayi ne na jama'a, kuma shi ya sa ya cancanci nazari.

2.0 Gadon da mai kallo ya zo da shi

Bahaushe bai fara sauraren labarin aljanu da dodanni a gaban talabijin ba. Tun yana yaro ya ji tatsuniya, wadda a ƙasar Sakkwato da Kabi ake ce wa gatana, kuma a cikinta mutuwa ƙofa ce da ake shiga a fito. Dodo kan haɗiye mutanen gari, a tsaga cikinsa su fito da ransu. Ta-kitse kan narke saboda makircin kishiyoyi, a sake haɗa ta ta koma ɗakinta. Daga baya finafinan Indiya suka ƙara wa wannan tunani ƙarfi, alal misali Karan Arjun na 1995, inda aka kashe taurari biyu tun farkon fim, aka sake haihuwarsu don su ɗauki fansa. Ka'idar da mai sauraro ya koya ita ce, a duniyar abubuwan al'ajabi mugu ne ke mutuwa ta har abada, nagari kuwa yakan dawo.

Amma fa rubutaccen adabi ya koya masa wani darasin dabam. A cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, uwar Umar ta sha wahalar bauta da hamada wajen neman ɗanta, kuma ba ta daɗe da ganinsa ba ta rasu. Mai karatu kan ji zafin wannan, amma ba ya jin an zalunce shi, domin tun daga farko littafin ya nuna masa irin duniyar da yake ciki. Ashe ke nan Bahaushe yana karɓar mutuwa a labari, muddin labarin ya share mata hanya.

3.0 Misali daga waje: Supernatural

Wasan Amurka mai suna Supernatural ya fara a 2005, ya ƙare ranar 19 ga Nuwamba, 2020, bayan zango 15 da kashi 327. Labarin wa da ƙane ne, Dean da Sam, masu farautar fatalwa da shaiɗanu. Ko da yake aƙidar da aka gina wasan a kanta ta yi hannun riga da ta Musulmi, darasin zubinsa yana da amfani. A ƙarshen zango na uku Dean ya mutu, a farkon na huɗu aka tashe shi. A wani kashi guda ma an nuna ya mutu ya dawo sau da yawa a rana ɗaya mai maimaituwa. Wato shekara goma sha biyar wasan ya yi yana koya wa masu kallonsa cewa mutuwa ba ta da dawwama.

A kashi na ƙarshe kuwa, bayan 'yan'uwan sun riga sun ga bayan babban abokin gabarsu, sai Dean ya mutu a wani ƙaramin artabu, inda aka tura shi ya faɗa kan wani tsinin ƙarfe da ke jikin ginshiƙi. Wannan karon bai dawo ba. Sam ya rayu har tsufa kafin su sake saduwa bayan mutuwa. Masu kallo suka rabu biyu. Wasu suka ce ƙarshen ya dace, domin sana'a ba ta barin mai ita, kuma mafarauci a dawa yake ƙarewa. Wasu kuwa suka ce an ci amanarsu, domin an warware dokar da wasan da kansa ya kafa, kuma an yi haka ne daidai lokacin da tauraron ya sami 'yancin yin rayuwa irin ta kowa. Daɗin daɗawa, annobar korona ta dakatar da ɗaukar wasan a 2020, ta kuma hana tara 'yan wasa da yawa a fitowar ƙarshe, sai bankwanan ya zo a takure.

4.0 Misali daga gida: Labarina

Labarina, wanda Aminu Saira ya ba da umarninsa, aka fara nunawa a 2020, ba wasan aljanu ba ne, amma shi ne ya fi nuna wannan al'amari a ƙasar Hausa. Lokacin da Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, ya mutu a cikin labarin a 2021, an yi ta ce-ce-ku-ce, domin masu kallo da yawa sun riga sun ɗaura aurensa da Sumayya a zukatansu. Abin lura shi ne tambayar da aka fi yi. Maimakon a tambayi abin da mutuwar ta ƙara wa jigo, sai aka shiga tambayar abin da ya faru a bayan fage. Da Nafisa Abdullahi ta bar wasan, sai aka bi wata hanyar: ba a kashe Sumayya ba, aka ba Fati Washa matsayin. Nan ma an yi gunaguni, abin da ke nuna cewa mai kallo da fuska ya saba, ba da suna kaɗai ba.

5.0 Tushen fushin

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da dalilai uku. Na farko shi ne sabo. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba, kuma wanda ke shigowa ɗakin mutum kowane mako ya zama kamar maƙwabci. Wannan ba sabon abu ba ne: a 1893 Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya kashe Sherlock Holmes, masu karatu suka dame shi da ƙorafi, kuma a 1903 ya dawo da shi da rai.

Na biyu shi ne alkawarin zubi. Kowane labari yakan kafa dokokinsa a farkonsa, kuma mai kallo yakan riƙe su tamkar yarjejeniya. Labarin al'ajabi ya fi kowane shiga wannan tarko, domin idan ya arahanta mutuwa sau goma, da wuya ya sa a yarda da tsadarta a karo na sha ɗaya.

Na uku, wanda ya fi shafar Bahaushe, shi ne sanin wanda ya yanke hukuncin. Idan aka yi rasuwa a unguwa, tarbiyyarsa ta addini ta koya masa ya yi haƙuri ya miƙa wuya, domin ba a tuhumar ƙaddara. Amma ajalin tauraro a hannun mutum yake, mai suna da adireshi, wanda ake iya aika wa saƙo a Facebook. Tambayar da ladabi ya hana a yi a zaman makoki, a nan halal ce, shi ya sa ake yin ta da ƙarfi. Da zarar kuma an yi zaton cewa kuɗi ko saɓani ko annoba ce ta jawo mutuwar, sai labule ya yaye, mai kallo ya daina ganin ƙaddarar labari, ya koma ganin hannun ɗan kasuwa.

6.0 Kammalawa

Wajibi ne mai nazari ya raba waɗannan dalilai. Kukan sabo shaida ce ta nasarar marubuci, kuma ba hujja ba ce da za ta sa ya janye alƙalaminsa. Marubucin da ya bar masu kallo suna zaɓa masa wanda zai rayu zai ƙare da labarin da babu asara a cikinsa, labarin da babu asara kuwa ba ya koyar da kome. Ƙorafin saɓa alkawarin zubi kuwa suka ce ta gaskiya, ko da a teburin mai shayi aka yi ta. Ma'aunin da ya kamata a ɗora kowace irin wannan mutuwa a kai shi ne: in aka koma baya aka sake bin labarin daga farko, za a ga sawunta tana tafe? A Shaihu Umar ana ganinsa sarai. A ƙarshen Supernatural ana ganinsa ta fuskar halin tauraron, amma dokar wasan ta sha share shi. Masu shirya wasannin Hausa, waɗanda yanzu suke jan labari zango bayan zango ba tare da sanin ko 'yan wasansu za su kai ƙarshe ba, su ne suka fi kowa bukatar wannan ma'auni tun kafin su ɗora kyamara.