Fentin Silinda Ba Shaida Ba Ne

Silindar iskar numfashi ba ta nuna abin da ke cikinta. Oksijin zalla da iskar duniya da haɗin da aka sa wa hiliyam duk ba su da launi ko ƙamshi. Shi ya sa masu nutso cikin teku da kogunan ƙarƙashin ƙasa suka mayar da rubutun jikin silinda farilla, suka daina yarda da fenti. Abin haushin shi ne, a tudu, inda ake amfani da silinda kullum a asibiti da wajen masu walda, har yanzu fentin ake yi wa biyayya.

Dalilin masu nutso a fili yake. Iskar da ake shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, kuma matsin ruwa yana ƙara wa oksijin ƙarfi a jiki yayin da ake yin ƙasa. Oksijin zalla ba a wuce mita 6 da shi. Haɗi mai kashi 50 iyakarsa mita 21, mai kashi 32 kuwa wajen mita 34. Wanda ya wuce iyaka jijjiga na iya kama shi, bututun ya fita daga bakinsa, ruwa ya ci shi. Haɗin zurfi kuma, wanda aka rage wa oksijin aka cike da hiliyam, yana iya sumar da mutum idan ya shaƙe shi a saman ruwa. Mai shiga kogo yakan ɗauki silinda huɗu ko biyar, ya ajiye wasu a kan igiyar da ke nuna masa hanya, ya dawo ya ɗauka cikin duhu, fitila ce idonsa.

Saboda haka ƙa'idarsu ba ta da sassauci. Mai silinda shi zai gwada iskar da na'urar awo da hannunsa, ko da amininsa ne ya ɗura. Sai ya manna tef kusa da bakin silindar, ya rubuta kashin oksijin da na hiliyam da kwanan wata da sunansa. A gefen silindar kuma a rubuta iyakar zurfin da manyan lambobi, yadda abokin nutso zai karanta daga nesa. Kafin a sauya silinda a cikin ruwa sai an duba lambar, an duba ma'aunin zurfi, abokin ya tabbatar. Silindar da ba rubutu, ba mai sa ta a baki.

A ƙasar Gumel babu teku, ruwan ma sai an haƙa da nisa kafin a same shi, amma akwai silinda. Tun annobar korona a 2020 oksijin ya ƙara shiga bakin jama'a, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa shi cikin muhimman magunguna. Magani ke nan, amma sau da yawa shaidarsa ba ta wuce a ce "ai mai farin wuya ce" ba. To, farin wuya a tsarin wa? Ƙa'idar duniya ta ISO 32 ta ba oksijin fari. Amurka kore take shafawa. Tsohon tsarin Ingila baƙin jiki ne da farin wuya. A Jamus ta da, shuɗi ne launin oksijin, alhali a wasu ƙasashen shuɗi na naitros oksaid ne, iskar da ake amfani da ita wajen sa barci a ɗakin tiyata. Ƙasar da kayan hannu ke shigo mata daga kowace kusurwa ba ta da hujjar ɗaukar launi a matsayin rantsuwa, balle ga rana da ƙurar hunturu suna cinye fentin, ga mai gwangwanin fenti yana sabunta shi da duk wanda ya samu da araha.

Mai sayen hatsi a kasuwar Maigatari ran Alhamis ba ya biyan kuɗi don an buga sunan wani kamfani a jikin buhu. Ya san buhu yana yawo, sai ya soka ya ga tsabar. Gero ya samu wannan gatan, iskar da za a sa wa jariri mai ciwon haƙarƙari a hanci ba ta samu ba.

Gaskiya launi yana da ranarsa: yana taimakon wanda bai iya karatu ba, kuma bakin silindar asibiti yakan bambanta da na sauran don kada a haɗa da kuskure. Sai dai mai dabara yana iya sauya baki, kamar yadda ake sauya fenti.

Abin da ya kamata a gani a jikin kowace silindar asibiti bai da yawa: sunan iskar da manyan baƙaƙe, tsabtarta kamar yadda aka auna, ranar ɗurawa, wurin da aka ɗura, da alamar cike take ko babu komai. Ta walda a rubuta mata walda, a raba musu wurin ajiya, a nisanta su duka da mai da giris, domin oksijin mai matsi yana tayar da wuta idan ya haɗu da maiƙo. Duk lokacin da aka sake ɗuri, a ɓare tsohon rubutun gaba ɗaya kafin a manna sabo, kada silinda ɗaya ta zo da kwanan wata biyu.