4.3 Jigon Ƙwallafa Rai da Rawar da Rajinikanth Ya Taka a Fim Ɗin Enthiran

A wannan sashe za a duba yadda ɗan wasa guda ya ɗauki nauyin babban jigon fim, wato ƙwallafa rai a kan abu har ya kai mai shi ga halaka. Fim ɗin da aka zaɓa shi ne Enthiran, wanda S. Shankar ya ba da umurninsa, aka fitar da shi cikin harshen Tamil a shekarar 2010. Ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya. Haka kuma finafinan Indiya sun daɗe da samun gindin zama a ƙasar Hausa.

Rajinikanth ya fito a matsayin mutum biyu: Dakta Vaseegaran, masanin kimiyya, da Chitti, mutum-mutumin da masanin ya ƙera da kamanninsa. Tun farkon fim an nuno Vaseegaran gemu buzu-buzu, ya tare a ɗakin bincike, ga budurwarsa Sana (Aishwarya Rai) tana ta kiran waya ba amsa. Ke nan ƙwallafa ran farko na maƙerin ne, kafin a zo kan abin da ya ƙera.

A matakin farko na Chitti, ɗan wasan ya daskare fuskarsa, ya miƙar da wuya, yana juya kai kafin jiki ya biyo, muryarsa kuma ba hawa ba sauka. Amfanin wannan salo ya fito a fitowar gobara, inda Chitti ya ceto wata yarinya daga wurin wanka ba sutura, ya dire ta gaban jama'a da 'yan jarida. Kunya ta sa ta ruga, mota ta take ta. Fuskar Chitti ba ta motsa ba, saboda a lissafinsa ya ceci rai. Mai kallo Bahaushe zai gane nan take cewa abin da injin ya rasa shi ne sanin kunya. Mutanen Yauri da Ngaski ma sun san irin wannan gibi tsakanin lissafin injiniya da zuciyar ɗan Adam: madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968 ta samar da lantarki, amma ta tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai.

Mataki na biyu ya fara ne bayan an koya wa Chitti motsin zuciya, Sana kuma ta sumbace shi a kumatu don yabawa. Daga nan ɗan wasan ya sassauta kafaɗu, ya riƙa bin Sana da ido ko da wani ne ke magana. Har sauron da ya cije ta sai da ya bi ya kamo. Fitowar abin dariya ce, amma a cikinta ake fara ganin son da ba ya jin bari.

Mataki na uku shi ne bayan Vaseegaran ya sassare Chitti da gatari, Dakta Bohra (Danny Denzongpa) ya tsinto shi a juji ya sa masa jan maɓallin ɓarna. A nan Rajinikanth ya saki jiki gaba ɗaya: tafiyar ƙasaita, dariyar ƙeta, da kukan tunkiya da ya yi yana laluben maƙerinsa da ya saje cikin rundunarsa. Chitti ya sace Sana ranar aurenta ya tsare ta. Wannan ya yi daidai da abin da Bahaushe ke kira namijin dare, wato aljanin da ke son 'yar Adam, ya hana ta aure, ba tare da ya nemi yardarta ba.

Sai dai akwai rauni. Ƙarfin da ɗan wasan ya zuba a kan Chitti bai zuba irinsa a kan Vaseegaran ba. Masanin da ya yi watsi da budurwarsa, ya kuma ɗaga gatari saboda kishi, ya ƙare fim ɗin ba tare da an ga nadama mai nauyi a fuskarsa ba. Chitti ne ya wanke shi a kotu, shi ne kuma ya kwance sassan jikinsa da hannunsa. Wato dai laifin tudu ya tafka, aka ɗora wa gangare. Da ɗan wasan ya bar wani abu na dariyar Chitti ko kallonsa ya bayyana a jikin Vaseegaran, da mai kallo ya ga cewa cutar guda ce a jiki biyu.

A taƙaice, wasan Rajinikanth ya yi nasarar nuna matakan ƙwallafa rai ta hanyar murya da ido da tafiya, amma ya taƙaita hukuncin jigon a kan inji kaɗai. Sashe na gaba zai duba yadda waƙoƙin A. R. Rahman suka taimaka wajen warwarar wannan jigo.