Afrique Victime: Kiɗan da Turawa suka ce na maye ne

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari ba shanu da raƙuma kaɗai ke tsallako iyaka ba. Waƙa ma tana tsallakowa, a cikin memori, daga rumfar masu tura waƙoƙi zuwa wayar direba, ta kwana Gumel ko Gagarawa. Ta irin wannan hanya aka fara sanin Mdou Moctar, Buzu ɗan jihar Tawa a Nijar. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa, wadda muka saba ji a waƙoƙin finafinanmu. Mu nan muna yi wa salon kallon araha. Shi kuwa da shi ya fita duniya, bayan kamfanin Sahel Sounds ya sa waƙarsa "Tahoultine" a wani kundi na waƙoƙin wayoyin Sahara.

Da Afrique Victime ya fito a 2021, masu sharhi a Amurka da Ingila suka saka shi a layin rok ɗin da suke kira saikedelik, wato kiɗan shekarun 1960 da aka gina a kan juyewar hankali, sau da yawa ta hanyar ƙwayar LSD. Suka yi ta haɗa shi da Jimi Hendrix, ga shi kuma dukansu bahagwai ne. Kwatancen bai rasa tushe ba, amma kunnenmu ya ji wani abu dabam. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu garaya ko goge ya san ba sai da ƙwaya kiɗa ke ɗauke mutum ba. Maimaici ne: a kama zubi ɗaya a yi ta juya shi, ana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, har mai saurare ya manta inda yake.

Haka "Chismiten", waƙar buɗewa, take. Jitar Ahmoudou Madassane ta riƙe zubin ba ta saki, gangunan Souleymane Ibrahim na tura ta gaba, Mdou kuma yana shawagi a samansu yana magana a kan hassada. "Tala Tannam" ta sauko ƙasa, jita marar lantarki da muryoyi masu amshi, kamar hirar dare a tsakar gida. A wurinmu ita ce mafi kyau a kundin, ko da yake ba ita ake yawan ambata ba.

Inda muke da ja shi ne waƙar da kundin ya ci sunanta. Ta wuce minti bakwai, kuma rabinta na ƙarshe jita ce ke kururuwa har sai ta zama kamar ƙarar injin. Fushin ya dace da maganar, domin kukan abin da aka yi wa Afirka ne, daga ƙasar da a baya Faransa ta daɗe tana kwasar yuraniyom a Arlit. Sai dai a cikin kukan ya ambaci Gaddafi a matsayin wanda aka yi rashi. Mun gane daga ina wannan ya fito, tunda Buzaye da yawa sun ci abinci a Libiya, kuma faɗuwarsa a 2011 ta watsa makamai a Sahel har suka iso dazukanmu. Amma mutumin da ya yi shekara 42 a kan mulki ba tare da an zaɓe shi ba, da wuya a wanke shi da jita, komai daɗinta.