Masu Ɗaure Rufi da Harsashi

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka guguwa tura gida take yi har ya faɗi. Kafintocin da suka daɗe suna bin bayanta a Amurka sun san ba haka ba ne. Iska mai ƙarfi idan ta ratsa saman rufi, ɗaga shi take yi. In kuma ta fasa taga ta shiga ciki, sai ta tokare shi ta ƙasa. Da zarar rufin ya tashi, bango ya rasa abin da ke riƙe kansa, sai ya kwanta. Saboda haka duk fasahar mutanen nan a kan abu guda ta tsaya: a ɗaure gida daga rufi har harsashi, kada a bar gaɓa ko ɗaya a sake.

'Yan sa-kai na Kiristocin ɗarikar Menonait da 'yan uwansu Amish sun yi suna a wannan fage. Ƙungiyarsu ta agaji, Mennonite Disaster Service, ta samo asali ne a 1950 a garin Hesston na jihar Kansas, daga matasan coci da suka ga ibadarsu ba ta cika ba sai sun kai hannu ga maƙwabci. An gan su a gaɓar tekun jihar Misisipi bayan guguwar Katrina ta 2005, an kuma gan su a duwatsun yammacin Karolina ta Arewa bayan guguwar Helene ta yi ɓarna a watan Satumbar 2024. Galibin Amish ba sa tuƙa mota, sai su ɗauki hayar direba ya kai su. Amma sun tashi cikin gayyar kafa rumbun katako, inda mutum da yawa ke ɗaga bango lokaci guda, kowa ya san inda zai tsaya.

Aikin ba da guduma yake farawa ba, da shebur ne. A kwashe laka, a fitar da katifu da kujerun da suka sha ruwa, domin cikin kwana ɗaya ko biyu fumfuna take kama gida. Bangon ciki a can allunan farar hoda ne da aka lulluɓe da takarda, su kuwa tsotsar ruwa suke yi zuwa sama. Gwani yana duba layin da ruwa ya bari, ya yanke sama da shi da aƙalla ƙafa ɗaya. Sau da yawa ma a ƙafa 4 yake yankewa, tunda faɗin sabon allo ke nan, zai zauna ba tare da an ɓata ko guntu ba. Sannan a jira katako ya bushe, ana soka masa na'urar auna danshi. Nan ne nake ganin ƙwarewarsu ta fi fitowa. Mai gida ya ƙosa ya koma ɗakinsa, 'yan aiki sun ƙosa su ga sakamako, amma shugaban aiki sai ya ce a dakata, don ya san bangon da aka rufe da danshi ciwon ƙirji ne ga tsohuwar da za ta kwana a ciki.

In gidan ya tafi gaba ɗaya, sai sabon gini. Katakon ƙasa ana ɗaure shi da noti a cikin kankare. A jera ginshiƙan bango, inci 16 tsakanin kowane biyu. A kan kowane katakon rufi kuma akwai wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe, bai kai tafin hannu ba, mai ramukan ƙusa. Gefe ɗaya ya kama katakon rufi, ɗaya ya kama bango. Ƙa'ida ita ce kowane rami ya sami ƙusarsa, kuma ƙusa mai zobba a jiki ta fi mai santsi riƙo. Kuɗin ƙarfen ba shi da yawa, sai dai yana cin haƙuri, don gida guda na iya buƙatar gommai. A bakin teku kuwa kan dogayen turaku ake ɗora gidan, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi.

Darasin ɗaure rufi ya zo da tsada. Bayan guguwar Andrew ta 1992 a kudancin Fulorida, an tarar da rufi da yawa da aka yi wa aikin gaggawa sun tashi, kuma jihar ta tsaurara dokokin gininta daga baya.

Sai kuma fasahar sarrafa mutane, wadda ba a cika ambatonta ba. Galibin 'yan aikin mako guda suke yi su koma gida, wasunsu ba su taɓa riƙe zarto ba. Shugaban aiki yakan raba su tun da safe bayan addu'a: wannan ya auna, wancan ya yanka, sabon hannu ya cika ramukan ƙusa, shi kuma ya bi baya yana dubawa. Gidajen da suke fara zaɓa na tsofaffi ne da naƙasassu da waɗanda ba su da inshora, kuma ba sa tambayar addinin mai gida kafin su ɗauko tsani.