Jinjina ga Masu Koya wa Yara Riƙe Cokali da Fensir

Yaron da doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yakan taso yatsunsa a dunƙule. Likita zai rubuta magani, mai gashin ƙashi zai miƙar da gaɓɓai. Akwai kuma ma'aikacin lafiya na uku wanda ba a cika ambatonsa ba, mai jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum. Shi ke zama a tabarma da yaron, ya sa shi mulmula yumɓu da zura duwatsun ado a zare, har yatsun su yi ƙwarin riƙe fensir. Yakan naɗa wa cokali soso don hannu ya kama, ya gyara kujera don yaro ya zauna daram a aji, ya nuna wa uwa yadda za ta bar ɗanta ya sa maɓallin rigarsa da kansa, ko da zai ɓata lokaci.

Aikin na cin watanni, ga shi masu yinsa ba su da yawa a Najeriya. Ranar 27 ga Oktoba ce duniya ta ware musu. Allah Ya saka musu da alheri, Ya ƙaro mana irinsu a asibitocinmu da makarantunmu.