Ɗan sama jannati da wanda ya tura shi

A hutun da ya wuce, muna fada a Gidan Sori ana jiran shayi na biyu, ƙanena ɗan lise ya ce shi ɗan sama jannati zai zama, "kamar Modibo Diarra na Mali". Na ce masa ai Diarra bai taɓa shiga kumbo ba. Ya zare ido: "To mi ya yi ke nan, yaya?" Ban ga laifinsa ba. Laifin na kalmomin da muka ba shi ne.

Ku duba abin da Hausa ta tanada a wannan fage: kumbo, tauraron ɗan Adam, ɗan sama jannati. Tun tafiyar Apollo 11 a 1969, wadda Shata ya yi wa waƙa, kunnenmu ya saba da su. Ta ukun kuwa zaƙi gare ta, har da aljanna a wutsiyarta, dole yaro ya yi kwaɗayi. Amma mutumin da ke ƙasa, mai tsara tafiyar, mai raba aiki da riƙon kasafi, wanda zai ce a harba ko a fasa, masu fassarar labarai sai su ce "jami'i" ko "wani masani". Jami'in mi? Na duwan ma jami'i ne.

Aikin Diarra a hukumar NASA ta Amurka lissafin hanya ne, wato yadda kumbon da babu kowa a ciki zai isa inda aka nufa. Da shi aka yi Magellan da ya tafi Zara, da Pathfinder da ya sauka duniyar Mars a 1997. Haka a 1970, da tukunyar iska ta fashe a Apollo 13, Gene Kranz da mutanensa a Houston ne suka tsara yadda matafiyan uku za su dawo da rai.

Kuma irin wannan aikin ne ya fi kusa da mu. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, tana karanta hotunan taurarin ɗan Adam don sanin halin damina, abin da ya shafi geron kowa a garinmu. Najeriya ta harba NigComSat-1 a 2007, ya mutu a 2008, sai ƙarshen 2011 aka samu madadinsa. A 2024 Nijar ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan sayen taurari. Wa zai karanta yarjejeniyar, ya bi aikin, ya ce wannan bai yi ba? Da wuya yaro ya yi burin aikin da ba shi da suna a bakinsa.

Alhali sunayen suna nan cikin fatauci. Madugu ke sa ranar tashi, ya zaɓi zango, ya yi ciniki da masu fito. Jagaba ke gaba, shi ya san hanya. Kranz madugun kumbo ne, Diarra jagaba. Na san za a ce madugu tare da ayari yake tafiya, wannan kuwa yana zaune gaban na'ura. Gaskiya ne, kalmar ta ɗan rage. Duk da haka ta fi "jami'i" nesa ba kusa ba.

Ƙanena dai ya ce jagaba ta yi masa. Sai ya tambaya ko akwai lissafi da yawa a ciki. Na ce masa tuli.