Tsuntsuwar da ta bar sama ta shiga rami

A shirin talabijin The Future Is Wild na 2002, wanda Dougal Dixon ɗan Birtaniya ke cikin masu tsara shi, an ƙago spink, jikanyar salwa da za ta rayu a hamadar sanyi ta Amurka ta Arewa nan da shekaru miliyan 5. Ta daina tashi, fukafukanta sun koma magirbi, tana zaune da danginta cikin ramuka.

Ƙarfin wannan ƙage shi ne dalili: sanyi da manyan jemagu masu farauta ne suka kora ta ƙarƙashin ƙasa, kuma kowace gaɓa tata ta dace da wannan zama. Rauninsa kuwa aro ne. Zaman jama'ar spink ya yi kama da na ɓeran rami marar gashi na Gabashin Afirka, wanda Jennifer Jarvis ta bayyana tsarinsa a 1981. Ashe gaskiya ta riga ƙage.

Malamin da zai nuna shirin ya kamata ya tambayi ɗalibai: me ya tilasta wannan sifa? Idan ba amsa, tatsuniya ce aka yafa wa rigar kimiyya.